Ɗan Farin Malama Hadijatu

Duk wanda ya yi aji ɗaya a firamaren ƙauyen nan da ke kusa da Sandamu, tun daga waɗanda yanzu suka tara gemu da iyali har zuwa waɗanda majina ba ta gama barin hancinsu ba, a hannun Malama Hadijatu ya fara riƙe fensir. Doguwa ce, siririya, 'yar Fulanin gida, mai tafiya a hankali kamar tana ɗauke da ƙwaryar nono a ka. An sha yi mata tayin ta koma aji biyar ko shida, inda yara suka san ciwon kansu, ta ce a bar ta da 'yan majinarta. Sauran malamai kuwa murna suke yi da hakan, don babu mai son ajin da rabin aikinsa rarrashi ne da ɗaura tazuge.

Ta san kan yaro ƙarami yadda manomi ya san ƙasar gonarsa. Da ƙwallon dabino take koya musu ƙidaya, a ƙasa take sa su fara zana baƙi da yatsa kafin su taɓa takarda. Idan yaro ya saki fitsari a wando don tsoro, ba ta bari 'yan uwansa su farga. Sai ta ɗauki buta ta bi ta gefensa, ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ruwa ya zube masa a jiki, ta kama salati tana ba shi haƙuri, ta ce ya ruga gida ya sake wando. Yara da yawa sun girma sun yi aure kafin su gane cewa Malama ba yawan tuntuɓe ne da ita ba.

Babban abin da aka san ta da shi shi ne suna. Kafin makon farko ya ƙare ta haddace sunan kowane yaro, ta kuma laƙa masa kirari. Idan aka turo mata sababbin malamai su ga yadda take yi, maganarta ɗaya ce: yaro ba ya buɗe kansa ga karatu sai ya ji sunansa ya fito daga bakin malami da daɗi. Ta faɗi wannan magana har ta zama waƙa a bakin malaman makarantar.

Suna ɗaya ne tak ba ya fita daga bakinta, shi ne na ɗan da ta fara haifa.

Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a ƙasar Daura, amma gidan su Hadijatu da hannu biyu suka riƙe ta. Mahaifiyarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunan babban wansu ba, kuma ranar rasuwarta wannan yana cikin abin da aka yi ta yabon ta da shi. To da Hadijatu ta haihu a gidan mijinta Malam Amadu, tana yarinya ɗanya, sabuwar fitowa daga makarantar horon malamai, ba ta ma tsaya tunani ba. Ranar suna tana ƙuryar ɗaki ta ji an ce an sa wa yaro Abdulmuhaimin. Ta maimaita sunan a ranta, ya yi mata daɗi ƙwarai, ta haɗiye shi.

Sai ta saki labule take ba shi nono. Idan ta ji motsin mutum, ta ajiye shi da sauri ta juya baya. Matan gidan sukan gwada ta da gangan, su ce, "Amarya, wa ke kuka haka a ɗakinki?" Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta ji ba. Su kwashe da dariya, su ce lallai wannan 'yar mutunci ce, an yi tarbiyya. Yabon yana yi mata daɗi, gaskiya ce, ba za a ɓoye ba. Abin da ba sa gani shi ne yadda take shinshinar kansa idan an bar su su biyu.

Da lokacin yaye ya yi, surukarta Iya Yelwa ta zo da zanen goyo, ta saɓa yaron a baya, ta tafi da shi gidanta a ɗaya gefen gari. Haka ake yi, ɗan fari na kaka ne, kuma wanda aka kai yaye ba kullum ake dawo da shi ba. Wannan dai ba a dawo da shi ba. Nono ya cika wa Hadijatu ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, aka tambaye ta ta ce ciwon kai ne. Daga ranar yaron ya samu sunan da za ta iya faɗa, ya zama "na wajen Iya".

Iya Yelwa ta riƙe shi da gata, ba a ce ba. Maigidana take ce masa, ta ajiye masa kan kaza, ta yi faɗa da duk wanda ya harare shi. Ita kuwa Hadijatu ta koyi so ta bayan fage. Ta ɗinka masa riga ta ce babansa ne ya sayo. Ta yi dambun zogale ta aika gidan Iya a rufe, ba a faɗi daga inda ya fito ba. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, kullum idan an tashi makaranta sai ta bi ta bayan dangar gidan Iya ta tsaya cikin rana tana sauraron tarinsa, ba ta shiga ba, don kada a ce ta zo duba ɗanta. Shi yaro ina zai san wannan? Abin da ya sani shi ne akwai wata doguwar mata da ake ce masa ita ta haife shi, wadda idan ya gaishe ta take amsa wa bango.

A gida wannan duk mai sauƙi ne, domin kowane gida akwai ɗan fari, kuma kowa haka ake yi masa. Inda abin ya ɓaci shi ne makaranta. Aji ɗaya guda ɗaya ne a garin, malamarsa kuma ɗaya. Da Abdulmuhaimin ya isa shiga, hedimasta Malam Badaru ya kira ta ofis yana murmushi, ya ce, "Malama, bana fa akwai baƙo a ajinki. Za ki iya, ko in riƙa shiga ina kiran suna?" Ta ce ya riƙa shiga. Ya yi hakan na ɗan lokaci, aiki ya sha kansa, ya daina. Ita kuma idan ta zo kan sunan sai ta ɗaga ido ta ga yana nan, ta wuce na gaba.

Yaron kuwa kansa yana ja. Ya zauna a sahun gaba, idonsa ƙur a kanta, duk tambayar da ta yi hannunsa ne farkon tashi. Sai ta nuna shi da alli ta ce, "Kai." Ya ba da amsa daidai, ta ce, "To." A gefensa Sabiru, ɗan mai gyaran keke, wanda sai ya yi gumi kafin ya kai goma a ƙidaya, shi ne ake ce wa, "Madalla da Sabiru na Malama! A tafa wa Sabiru!" Aji ya ɗauka raf, raf, raf.

Wajen ƙarshen zango ta saba yin wani abu da yara suke ɗokinsa. Kowane yaro zai fito ya rubuta sunansa a allo, ita kuma ta karanta da ƙarfi yadda har 'yan aji biyu za su ji, sannan a tafa masa. Sunan Abdulmuhaimin ya fi na kowa tsawo a ajin. Ya yi ta koyonsa a tsakar gidan Iya da tsinke a ƙasa, yana sharewa yana sakewa, har Iya ta ce zai ƙarar mata da daɓe. Ranar da layi ya zo kansa ya fito, ya yi ɗage don hannunsa ya kai, ya rubuta shi tiryan-tiryan, babu kuskure ko ɗaya. Ya juyo yana haki, alli ya yi masa fari a goshi, yana kallon ta.

Aji ya yi tsit, yara sun ɗaga hannuwa suna jiran a ce a tafa. Hadijatu ta dubi allon. Rubutun ya fi na kowa kyau. Ta buɗe baki. A daidai lokacin ta hango mai ƙosan makaranta, ƙanwar Iya Yelwa, ta jingina da taga tana kallo tana murmushi, irin murmushin mai jiran ya ga yadda za a ƙare. Hadijatu ta ɗauki tsumman goge allo, ta share sunan, ta ce, "Na gaba."

Yaron ya ɗan tsaya, sannan ya koma ya zauna. Da yamma mai ƙosai ta ba da labari a gidan Iya, mata suka yi ta dariya suna cewa kai, Hadijatu akwai kunya, ko boko bai canza ta ba. Ita kuma ta yanka 'yar kazarta ta yi farfesu ta aika a rufe kamar kullum, ta ɗauka ta biya.

Washegari yaron ya koma sahun baya. Hannunsa bai ƙara tashi ba, ba a ajinta ba, ba a ajin kowa ba. Malaman gaba suka riƙa cewa ɗan Malama ba ya ja, ana mamaki. Ta ga abin yana faruwa a gaban idonta, ita da ta san maganin kowane yaro mai noƙewa, ita da take bin irinsu har gida ta zauna da uwayensu. Nasa gidan ne kaɗai ba ta iya zuwa. Ya gama firamare da ƙyar, ya taɓa sakandare ya ajiye, ya bi wani abokinsa Mai'adua ya kama kabu-kabu, yana ɗaukar mutane da kaya zuwa bakin iyaka. Ladabi kam ba a fi shi ba. Duk zuwan da zai yi sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ajiye mata leda. Sai dai ƙannensa Inna suke ce mata, shi kuwa Malama, kamar kowane yaro a gari.

Malam Amadu ya riga mahaifiyarsa rasuwa. Da Iya Yelwa ta bi shi, Abdulmuhaimin ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta yana kuka irin na yara, ƙato da shi. Mata suna ba shi haƙuri, ya ce, "Ku bar ni in yi, yau uwata ta rasu." Hadijatu tana tsaye a bayansa da kofin ruwa za ta miƙa wa baƙi. Ta miƙa ruwan, ta koma ta ɗebo wani.

Autarta Asma'u, wadda ita kam ana kiran sunanta har a gaji, ita ce mai bakin faɗa mata. Wata rana suna tsince shinkafa ta ce, "Inna, wai me Yaya ya yi miki ne?"

"Wane yayan?"

"Kin ji irinta ko! Yaya nawa gare ni a Mai'adua? Mutum ya yi ta durƙuso kina kallon bango."

"Rufe min baki, marar kunya. Mu haka muka taras."

"To ai ku kuka taras, Inna. Shi me ya taras?"

Ta kai mata duka da murfin kwano, Asma'u ta goce tana dariya. Amma tambayar ta zauna mata a rai ta ƙi tashi.

Da ya yi aure, matarsa Fadila ta haifi mace aka sa mata Murjanatu, sai labari ya riƙa zuwa daga Mai'adua cewa Abdulmuhaimin ya zubar da kunya a ƙasa. 'Yar fari ce, amma a kafaɗa yake yawo da ita, yana kiran sunanta a gaban surukai, har tasha yake zuwa da ita ya ɗora ta a tankin babur. Tsofaffi suka yi ta tsaki. Hadijatu kuwa lissafinta yana wani wuri. Jika ba a jin kunyarta. Idan lokacin yaye ya yi, ita ce kakar da za a kawo wa, kuma duk abin da ta kasa yi wa uban za ta juye shi a kan 'yar, a fili, yana gani. Daga nan ko bai ji daga bakinta ba, zai gane.

Ta shiga shiri tun da sauran lokaci. Ta sa aka gyara ɗaki, ta sayi 'yar katifa da ƙaramin kofi mai hannu, ta tanadi gero na kunu, ta ɗinka riguna tana ƙiyasin tsawon yarinyar da ido. A makaranta har tsokanar ta ake yi, tana cewa ƙawarta ce za ta zo, a shirya mata gurbi a aji ɗaya. Mutane suka ce ba su taɓa ganin Malama da fara'a irin ta wannan shekarar ba.

Asma'u ce ta je Mai'adua jin ranar da za a kawo yarinyar. Ta dawo da la'asar, ta zauna a bakin ƙofa ba ta cire hijabi ba.

"Inna, ba za a kawo ta ba."

"Gidan su Fadila za a kai ta?"

"Ba za a kai ta ko'ina ba. Ya ce a gaban uwarta za a yaye ta, a shafa maɗaci a nono, ta yi kukanta ta gama a jikin uwarta. Ya ce shi ba zai raba yarinya da uwarta ba, ya san yadda abin yake, ba labari aka ba shi ba."

Hadijatu ta ci gaba da ninke 'yar rigar da ke hannunta. Asma'u ta ga gara ta ƙarasa.

"Na ce masa, Yaya, ai ka san kunya ce irin ta mutanen da. Ya ce ya sani, kowa ya sani, shi bai riƙe ki da komai ba. Amma wai ranar da kika goge sunansa a allo, shi lokacin bai san wata kunya ba. Shi dai ya ga an tafa wa kowa."

Ashe yana tune. Duk shekarun nan tana ganin ita kaɗai ke ɗauke da ranar, tana lallashin kanta cewa yaro ne, ya manta. Ta tashi ta shiga ɗakin da ta gyara, ta zauna a kan 'yar katifar, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar yaye, ba ta yi ba ranar rasuwar Iya. Baƙin cikinta ba na hana ta jika ba ne. Abin da ya karya mata zuciya shi ne ɗanta ya kai shekarun da ya kai yana ganin matar da ta iya son 'ya'yan gari kaf ta rasa wurin sa shi.

Sai ta ƙudura za ta kira shi, sau ɗaya dai, da bakinta, ya ji. Ta fara gwadawa a aji bayan an tashi, ta rufe ƙofa ta tsaya a gaban bencina. Abin dariya abin tausayi, matar da ta kira sunan yara ba iyaka, harshenta ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Da farko raɗa ce take fita. A hankali har ta iya faɗinsa da murya sosai, ta ji ya bugi bangon ajin ya dawo mata. Ta gaya wa Asma'u niyyarta, ta ce kada ta kuskura ta gaya wa kowa.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, ta shiga mota zuwa Daura, ta sake wata. Ta sauka cikin cunkoso, shanu da buhuna da masu tura kura, ta nemi inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa a ƙarƙashin dalbejiya. Ta hango shi ta baya, yana zaune a kan babur yana goge madubi da hannun riga. Ta san idan ta matsa kusa ba za ta iya ba. Ta tsaya daga nesa kaɗan, ta cika ƙirji, ta yi amfani da muryar aji, wadda take kaiwa sahun baya.

"Abdulmuhaimin!"

Ya waiwayo da sauri. Idonsa ya bi ta kanta ya wuce, ya dubi masu tallar fura, ya dubi wata mata mai buhu, ya miƙe tsaye a kan babur yana leƙen bayan motoci. Kafin ya gama dube-dubensa wasu samari biyu cikin 'yan kabu-kabun suka gane ta, suka taso da gudu suna "Malama! Malama ce!" Tsofaffin ɗalibanta ne. Bakinta ya riga ta, ta ce, "Mahdi, kai ne ka zama ƙato haka? Nu'uman, ina mahaifiyarka?" Suka durƙusa suna washe baki, mutanen tasha suka juyo suna kallo, har da wani dattijo dillalin shanu ɗan garinsu da ya ɗaga mata hannu.

Sai a lokacin ya lura da ita. Ya sauko da sauri ya durƙusa a gefensu.

"Malama, ina wuni. Lafiya dai? Wani abu ya faru a gida?"

"Lafiya lau. Babu komai."

"Alhamdu lillahi." Ya sake waiwayawa baya. "Yanzun nan na ji wata mata ta kira ni, da cikakken sunana ma, nan kuwa kowa Abdul yake ce min. Malama, ba ki ga ko wace ce ba?"

Yana durƙushe yana kallon ta, fuskarsa babu zargi, babu gatse, tambaya ce kawai. Samarin nan biyu suna jira, dattijon yana matsowa. Kalma biyu ce ta rage mata, ta ce ni ce. Ta ji tsohon nauyin nan ya taso daga ciki ya danne mata harshe, kanta ya sunkuya da kansa.

"Ban gani ba," in ji ta.

Ya tambayi abin da ya kawo ta, ta ce kanwa ta zo saya. Ya yi mamaki a zo har Mai'adua don kanwa, amma ya je ya sayo mata da kansa. Ya ce su biya gida ta huta ta ga Murjanatu, ta ce rana ta yi, gobe akwai makaranta. Ya rantse ba za ta shiga mota ba yana da abin hawa. Haka ya ɗauko ta tun daga Mai'adua, ta Daura, har ƙofar gida, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka. Rabon da ta kusance shi haka tun yana goye. Ta ga wani tsohon tabo a bayan kunnensa, wanda ba ta san lokacin da ya ji ciwon ba, ba ta san wanda ya wanke masa ba. Hannunta yana kan ƙarfen baya har suka iso.

Ya sauke ta, ya durƙusa ya ce, "Malama, na koma." Ta ce ya gaida gida. Ta tsaya a zaure har ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan ta shiga.

Asma'u tana tsakar gida tana jira, ta taso ta karɓi ledar kanwar.

"Inna, kin kira shi?"

"Na kira."

"Ya amsa?"

Hadijatu ta zauna a bakin rijiya, ta cire takalmi.

"Ya waiwayo," in ji ta. "Kowa ya duba a tashar nan, Asma'u, ban da ni."